A Bar Rariya

Samarin da ke dillancin filaye a Kankia yanzu sukan zo wurina. A iya fahimtata ba shawara suke nema ba, dattijon da zai gyaɗa kai a gaban mai saye suke nema. Su nuna mini hoton fili a waya, an share shi fes, an kafa duwatsu a kusurwoyinsa, su ce, "Baba, ai wannan ba ya buƙatar dogon bincike." Idan na tambaya ta ina ruwan unguwar yake bi da damina, sai su dubi juna. Wani ma ya taɓa ce mini wai hoton bai nuna ruwa ba. To ina zai nuna, an ɗauke shi a watan da ko kwaɗo ya shige ƙasa?

Ban ce na fi kowa sani ba, kuma mai yiwuwa abubuwa sun sauya. Abin da na yi shekaru ina yi shi ne wakilcin masu gidajen haya: in duba fili kafin a saya, in tsaya a kan gini, in sa 'yan haya, in saurari ƙorafinsu. Mafi yawan wahalar aikin kuwa ruwa ne: wanda ya sauko daga sama, wanda ke ƙarƙashin ƙasa, da wanda mutane suka yi amfani da shi suke neman inda za su zubar. To ku samarin dillalai, zan ba ku labarin wani aiki a Kusada, inda abincin shekara na wani tsoho, Malam Barau, ya kusa narkewa a cikin rumbunsa saboda kalma ɗaya. Amma bari in fara da yadda na koyi aikin.

Aikin farko da aka ba ni a ma'aikatar ayyuka, bayan na gama jami'a, shi ne in tsaya cikin ruwan sama. Shugabana Malam Lawal, wanda ya fara awon ƙasa tun kafin a samu mulkin kai, ya ga hadari ya haɗo ta gabas, ma'aikata suna tattara kaya za su gudu gida, sai ya ce in biyo shi bayan kasuwa. Muka tsaya a gindin wata katanga har aka ɗauke ruwan. Bai yi dogon bayani ba. Ya dai riƙa nuna mini da sanda: ga inda indararon wannan gida yake zubarwa, ga inda ya haɗu da na maƙwabci, ga inda ƙasa ta shanye, ga inda ta ƙi sha. Da muka dawo ya ce, "Taswira za ta gaya maka inda fili ya tsaya. Inda ruwa zai tsaya kuwa, sai ka jiƙe." Na kwana biyu ina fama da mura, amma tun daga ranar, lokacin da kowa ke gudun hadari, lokacin nake fita.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ba wanda zai burge ku. Akwai farin tiyo siriri mai tsawo, wanda ake cika shi da ruwa. Mutum biyu su riƙe bakunansa, inda ruwan ya tsaya a nan, daidai nan ya tsaya a can, da haka ake gane gefen tudu da gefen kwari ko da ido ya rantse filin a shimfiɗe yake. Akwai rodi mai tsini na soka ƙasa, a ji ko jigawa ce mai shan ruwa ko laka ce mai riƙe shi. Akwai madubi na haska cikin rijiya da hasken rana, don tocila ba ta kaiwa ƙasa. Sai harshe. Idan ka ga gindin bango ya yi fari-fari yana marmashewa, ka lakata ka ɗanɗana. In ka ji gishiri-gishiri ko kanwa-kanwa, danshi ne ke hawowa daga ƙasa, kuma yaɓe da fenti ba za su hana shi ba. Na taɓa ce wa wani daga cikinku ya ɗanɗana, ya dube ni kamar na ce ya sha kwata.

Wani gida a Yashe, mai shi ya kira ni saboda 'yan hayarsa suna ta ciwon ciki suna tashi ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya fi zargin sammu. Na shiga na tarar an haƙa salga a gefen tudu, rijiya a gefen kwari, kusa da juna ƙwarai. Na ce masa mai yiwuwa salgar ce ke tsiyaya cikin rijiyar.

Ya ce, "Mai yiwuwa ne, ko ita ce?"

Na ce ban shiga ƙarƙashin ƙasa na gani ba, amma da ni ne ba zan sha ba. Ya ɗebo ruwan a moɗa, ya ɗaga shi garai-garai, ya shanye a gabana, ya ce ga shi bai mutu ba. Me za ka ce da irin wannan mutum? Daga ire-iren wannan aka laƙaba mini Malam Mai-Yiwuwa. Mai gida yana son a ce masa i ko a'a, ruwa kuwa ba ya yin alkawari, ni kuma ba na rantsuwa a kan abin da ban gani ba. Dillali zai rantse sau goma kafin ka gama gaisuwa, shi ya sa aka fi jin maganarsa.

Sai shekarun fari suka zo, kuɗin mai suka biyo bayansu. A ganina, haɗuwar waɗannan biyu ce ta ɓata filaye da yawa a ƙasarmu. Damina ta yi ta zuwa da rauni, kududdufai suka ƙafe, kwari ya bushe har ya yi kama da tudu, mutane suka manta. A daidai lokacin ne kuma aka buɗe makarantu a kowane ƙauye, aka turo malamai da ma'aikatan asibiti da malaman gona, kowa yana neman ɗaki mai siminti da kwano. Duk wanda ya samu 'yan kuɗi sai ya ce gidan haya zai gina, yau-yau. Na bar aikin gwamnati na zama wakilin irin waɗannan mutane. Babbansu shi ne Alhaji Sabo, Bakano, ɗan kasuwar yadi, mutum mai kirki da saurin yanke magana. Gidajensa na Kankia duk ni ke riƙe da makullansu.

Filin da Alhaji Sabo ya saya a Kusada na gado ne, kashi biyu, wata siririyar hanya ta ratsa tsakiyarsu ta gangara zuwa kududdufin bayan gari. A saman filin, inda hanyar ta fito daga cikin unguwa, nan gidan Malam Barau yake, ginin ƙasa, rumbunsa yana kusurwar da ta jingina da hanyar. An yi cinikin da rani a zauren mai unguwa, ina zaune. Da aka zo shafa fatiha, Malam Barau, wanda aka kira a matsayin maƙwabci, ya gyara murya ya ce, "Mu dai sharaɗinmu guda ne. A bar rariya."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wannan ai ba sai an faɗa ba. Wa zai yi gini bai bar rariya ba?"

Kowa ya ji daɗi, aka yi addu'a, aka watse.

A wajenmu, ƙasar Katsina, rariya ita ce hanyar da ke tsakanin gidaje, wadda Kanawa suka fi kira lungu. A kunnen Alhaji kuwa rariya 'yar kafa ce da ake bari a gindin katanga don ruwan wanke-wanke ya fita. Mu ma mun san wannan ma'anar, amma a wajenmu ba wanda zai tara shaidu ya kafa sharaɗi a kan 'yar kafa. Duk wanda ke zauren hanya ya ji, ban da mutum ɗaya, kuma shi ne mai kuɗin.

Wani aiki ya riƙe ni a Kafinsoli. Kafin in dawo Alhaji ya kawo magina daga Kano, sun ja ɗakuna a jere dama da hagu, sun mayar da hanyar tsakar gida, sun toshe ta da katangar bulo sama da ƙasa. A gindin kowace katanga an bar kafa, an shafe ta da siminti sumul, faɗinta bai fi bakin akushi ba. Alhaji da kansa ya kama hannuna ya kai ni ya nuna mini.

"Ka gani? Ɗaya suka roƙa, biyu na ba su."

Na ce, "Alhaji, ina jin an samu saɓanin fahimta. A nan, in an ce rariya, hanya ake nufi."

"A wace Hausar?"

"A Hausar nan da aka yi cinikin."

"Da lungu suke so ai sai su ce lungu. Ni zan koya wa Katsinawa Hausa?"

Mutanen unguwa sun kai kuka wurin mai unguwa, aka sake zama. Amma kukan nasu na ƙafa ne: ta ina mata za su bi zuwa ɗiban ruwa, ta ina jaki zai fita gona. Alhaji, da yake ba mai son rigima ba ne, ya yanki wani ɓangare na filinsa ta arewa ya ba su sabuwar hanya, wadda ta fi tsohuwar faɗi. Aka yi ta sa masa albarka. Na ɗaga hannu na ce, in an yarda in yi magana, sabuwar hanyar a gefen tudu take, mutum zai iya kewayawa, jaki ma zai iya, amma ban tabbata ruwa zai yarda ya hau tudu don an yi sulhu ba. Wani daga baya ya ce, "Wane ruwa kuma, Malam Mai-Yiwuwa? In ka san inda yake ka kirawo mana shi, gonaki na jira." Aka yi dariya aka tashi.

Washegari na ɗauki tiyo na bi unguwar, na sake bi, don kada in ɗora wa mutum laifi a kan kuskuren awo. Abin da na samu bai sauya ba. Daga bakin kasuwa har gidan Malam Barau, duk ruwan da zai zubo daga indararo ko kwano wannan tsohuwar hanya zai nufa. Ƙafa ba ta fara bin wurin ba sai da ruwa ya fara bi. Yanzu kuma an ce duk ya wuce ta bakin akushi. In bai wuce ba zai taru, kuma wurin da ya fi kusa ya fi kwari shi ne kusurwar rumbun Malam Barau. Rumbun na ƙasa ne, a kan 'yan duwatsu. In ruwa ya wuce duwatsun ya jiƙa gindinsa, zama zai yi, dawar da ke ciki ta koma taɓo. A shekarar kuwa, wanda ya rasa rumbunsa da tsakiyar damina, ba kasuwar da za ta cece shi.

Na sami Alhaji a shagonsa na Kano na roƙe shi a saka kwalbati a ƙarƙashin katangun, ko a mayar da su ƙofofin ƙarfe masu sarari a ƙasa.

Ya ce, "Malam Hamisu, gaya mini magana ɗaya. Bana ruwan zai ci gidan tsohon nan, ko ba zai ci ba?"

Na ce, "In aka yi ruwa irin na da, zai ci."

"Za a yi irin na da?"

"Wannan sai Allah."

"To ka ga. Ni da kai duk ba mu sani ba, amma ni kaɗai za a fasa wa sabuwar katanga. In ka tabbatar ka dawo."

Na dawo na nufi Malam Barau, na ce tunda katanga ta ƙi matsawa, ko hatsin zai matsa. A kwashe dawar a kai ɗakin da ke gefen tudu, ko gidan ɗansa, zuwa kaka. Ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Ɗan boko, kai ɗan ina ne?"

"Ɗan Kankia ne, Baba."

"To da mamaki. In buɗe rumbu da rana tsaka, a shekara irin wannan, a yi ta fita da damman dawa unguwa na ƙirgawa? In da yawa, kafin magariba 'yan'uwa sun cika min zaure da ƙorai. In kaɗan ne, gobe a ce Barau ya ƙare, a fasa neman ɗiyata. Mi ya kai ni? Abin da ke cikin rumbu, daga mai shi sai Allah."

Na ce to a ƙara wa gindinsa duwatsu, a yi masa 'yar ganuwa ta ƙasa.

"Ubana ya ɗora shi a kan duwatsun nan. Ruwan da bai ci shi ba a zamaninshi, ba zai ci shi ba don wani Bakano."

Na ce a zamanin ubansa ba katanga a gaban ruwan. Ya ce wannan kuma matsalar ubangidana ce, in je in gaya mashi. Kun ji irin aikin da kuke cewa mai sauƙi ne. Mai katanga ya ce in tabbatar, mai rumbu ya ce in koma wurin mai katanga, ni kuma ina tsakiya da tiyo a kafaɗa.

Abin da ya rage mini shi ne in riƙa zuwa. 'Yan haya suka tare, yawancinsu malaman firamare. Duk ranar da na ga gabas ta yi duhu sai in hau babur in nufi Kusada, in sa rodi in zaƙulo abin da ya maƙale a kafofin nan biyu. Ruwan farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. Wani malami daga cikin 'yan hayar, mai barkwanci, da ya hango ni sai ya ce wa 'yan'uwansa, "Ku kwashe shanya, ga hadari nan ya iso a kan babur."

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, da tsakiyar damina, bayan la'asar. Ruwan ya sauko irin wanda yara da yawa a garin ba su taɓa gani ba. Kafin in jingine babur, tsohuwar hanyar ta zama rafi, ta kwaso karan dawa da ganye da kashin jaki da wata tsohuwar tabarma daga kasuwa. Tabarmar ta zo ta manne a bakin kafar sama kamar an auna ta. Na shiga na janye ta, wani tarkacen ya maye gurbinta. Ko da ba abin da ya toshe, kafar ba za ta iya da rabin rabin ruwan ba. Ya taru a gindin katanga, ya juya, ya sami ƙofar Malam Barau ya shiga.

Na leƙa gidan. Mata suna kwarfa da ƙorai, aikin banza, suna zubarwa yana dawowa. Tsohon yana tsaye a gaban rumbu, ruwa ya rufe masa idon sawu, ya dafa jikin rumbun da hannu biyu kamar mai riƙe saniya. Duwatsun sun kusa nutsewa. Ban ce masa ai na faɗa maka ba, don ba lokacinta ba ne.

A waje maza sun taru da diga da gatari, amma ba wanda ya matsa. Katangar mai kuɗi ce, wanda ya fara sara shi zai tsaya gaban alƙali. Na ce da mai unguwa ya ba da umarni. Ya ce, "Ni ruwa ya shigar min ido, ban ga komi ba. Ai ga wakilin mai gida nan." Duk suka juyo suka dube ni. Ba waya a garin, Kano kuwa ko da mota ba a zuwa a dawo kafin duwatsun rumbun su nutse.

Na karɓi diga. Samari suka yi kan katangar sama da ihu, na daka musu tsawa. Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe ko kun manta sauran: ba a buɗe wa ruwa ƙofar shiga sai an buɗe masa ta fita. Da an fara fasa ta sama, duk tafkin nan zai afka tsakar gidan haya ya tarar da katangar ƙasa a tsaye, ya shige ɗakunan malamai, a ceci rumbu a nutsar da mutane. Muka kewaya ta sabuwar hanya zuwa katangar ƙasa. Na yi saran farko, hannuna bai saba ba, digar ta yi tsalle ta kusa dawo mini a goshi. Na sake. Da bulo ɗaya ya faɗa, sai kowa ya samu ƙarfin hali. Muka buɗe ta daidai faɗin tsohuwar hanya, na sa malamai suka tare ƙofofinsu da buhunan yashi da ragowar bulo, sannan muka koma ta sama. Ita ba ta ba mu wahala ba, ruwan da kansa ya ƙarasa ta. Ya ratsa tsakar gidan da ƙugi, ya tafi da madafar 'yan haya da tukwane biyu da wani takalmi, ya nufi kududdufi.

Na koma gidan Malam Barau. Ruwan yana janyewa. A jikin rumbun akwai layin danshi siriri a can ƙasa, daidai inda ya fara taɓawa. Na danna da yatsa, ƙasar ba ta lotsa ba.

Alhaji ya zo bayan kwana biyu. Ya tsaya a giɓin katangar sama, yana hango kududdufi ta giɓin ta ƙasa. Sannan ya ce, "Na ɗauko mai digiri ya tsare mini gida, ashe mai diga na ɗauko." Ya kai mu ƙara, ni da mai unguwa da Malam Barau.

Alƙalin dattijo ne mai haƙuri. Ya saurari kowa, sannan ya tambayi Alhaji abin da aka ce ranar ciniki.

"Allah gafarta Malam, cewa aka yi a bar rariya, na kuwa bari, har biyu."

Ya juya ga Malam Barau. "Kai kuma mi ka ce?"

"Abin da ya faɗa, shi na ce. A bar rariya. Ya ko toshe ta."

Mutane suka fara dariya, aka tsawatar. Alƙali ya ce da Alhaji, "A ina aka yi cinikin?"

"A Kusada."

"Shaidun fa?"

"Mutanen Kusada ne."

"To ai magana tana bin bakin garin da aka yi ta. Da a Kano suka same ka suka ce rariya, da kafa za ka ba su, in sun yi ƙorafi in kore su. Kai ka same su." Ya ce ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma hanya ta koma hanya. Game da fasa katanga kuma ya ce lalura ce, ba zai ɗora wa kowa ba.

A ƙofar kotu Alhaji ya miƙo hannu, ba don musafaha ba. Na ciro makullan gidajensa na Kankia na ba shi. Bai zage ni ba. Ya ce dai shi ba zai iya aiki da mutumin da in an tambaye shi sai ya ce mai yiwuwa, in ba a tambaye shi ba sai ya ɗauki diga. Na so in ce masa ai na same shi har shago tun da rani, amma na ga ba amfani. Labari ya bazu, wasu masu gidajen ma suka karɓe makullansu. Wannan ce shekarar da ta fi kowace tsanani a aikina, kuma sai da aka yi damina biyu masu ƙarfi, gidaje suka zube a wurare da dama, kafin a sake nemana.

Bayan shari'ar da 'yan kwanaki aka ce mini Malam Barau yana nemana. Na hau babur na tafi. Na same shi zaune a kan tabarma a inuwar rumbunsa, yana gyaran igiyar jaki. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Kankia ɗaya bayan ɗaya. Na zauna ina jiran abin da zai ce.

Ya ce, "Ɗan boko, aikin nan naka bai cika ba."

Na ce, "Wane aiki, Baba?"

Ya nuna hanyar da haɓa. "Ɓaraguzan nan da ka zubar a rariya. Jakina ya yi tuntuɓe jiya, saura kaɗan ya karye. Wanda ya fasa ai shi ka kwashewa."

Na dube shi, na dubi rumbun. Na tashi na ari baro da shebur a wurin malaman, na naɗe hannun riga na fara lodi. Yana zaune yana kallo. Da na kai ga wani rabin bulo mai kyau, na ɗaga zan jefa a baro, sai ya ɗaga hannu.

"A'a, bar wannan. Kawo shi nan, tulu zan ɗora."